Azarar Tungar Yaro

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Jiya bayan sallar Juma'a rufin ɗakin hatsin matan Tungar Yaro ya rufta. Ana cikin ruwa. Inna Hasiya, shugabar matan, tana ciki tana auna wa mata gero, sauran suna raɓe a bakin ƙofa. An tono ta da rai. Ƙafarta ta dama ta karye wuri biyu, kuma likita ya ce ƙugun ma ya taɓu. A amalanken jaki aka kai ta Tibiri, daga can mota ta kawo ta asibiti nan Dogon Dutsi.

Ina gida ina cin abinci aka kira ni a waya. Matata Sahura ta ce fuskata ta canja tun kafin in ajiye wayar.

Ƙungiyar da nake yi wa aiki ce ta taimaka aka gina ɗakin a watan Maris. Ni aikina itatuwa ne. Ina koya wa manoma sassaben zamani, wato su bar tohon gawo da sabara da kalgo a gona, su yi musu aski maimakon su tuge su. Wanda ya yi ginin Baba Inusa ne, sarkin maginan ƙauyen, mutumin da ya fi shekara arba'in yana rufa wa mutane soro.

Ba ni na gina ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Na hau moto, babur ɗin aiki, na je na gani. Bango huɗu suna tsaye lafiya, ko tsagewa babu. Rufin ne ya zauna a tsakiyar ɗaki. Geron da matan suka tara don tsakiyar damina ya cakuɗe da laka, an kwaso abin da za a iya an baza a tabarmi, har ya fara tsami. Kaji suna ta tsattsaga, babu mai korar su.

Azarar, wato itacen giginyar da ke ɗauke da rufin, ba zamewa ta yi daga bango ba. Kawunanta suna nan cikin gini. A tsakiya ta karye, guda biyar a jere. Na duƙa kamar ina gyara takalmi, na ɗauki wani guntu na sa a jakar moto. Ban san abin da ya sa ba.

Mutane suna tsaye suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji wani yana cewa tsufa ya kama Baba Inusa, ido ya tafi, hannu ya tafi. Shi kuwa yana zaune a kan turmi can gefe, hularsa a gwiwa. Na je na gaishe shi.

Ya ce, "Mushe Saminu, ka iso lahiya?"

Mushe, wato monsieur, haka ake kiran ma'aikacin boko a nan. Na ce lafiya lau, Baba. Na jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

Litinin, 19 ga Agusta, da azahar

Madam Basira, shugabarmu a buro, wato ofis, ta kira ni. Ta ce manyanmu na Yamai suna son rapor, wato rahoto, kafin ƙarshen mako, su san dalilin da ɗakin da bai yi wata shida ba zai rufta. Ta ce, "Kai ka je wurin, kai ka san mutanen. Rubuta abin da ka gani kawai."

Na ce to.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Na gama rapor. Shafi biyu. Na rubuta cewa ruwan bana ya wuce kima. Na rubuta cewa lakar da aka ɗora a rufin ta yi kauri, ta sha ruwa ta yi nauyi. Na rubuta cewa indararo ɗaya ne, ya kamata a ce biyu.

Na sake karantawa sau uku. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ruwa ya yi yawa. Lakar tana da kauri. Indararo ɗaya ne.

Ba ni na gina ba.

Alhamis, 22 ga Agusta, da yamma

Madam ta ce rapor ya yi kyau, ta tura.

Asabar, 24 ga Agusta, da azahar

Sahura ta dafa farfesu ta ce mu kai wa Inna Hasiya. Na ce ta je ita kaɗai, ina da aiki. Ta dube ni ta ce yau Asabar. Na tashi na sa riga.

Tana kwance, ƙafar an ɗaure ta har cinya, an rataya mata nauyi a ƙarshen gado. Ta rame a mako ɗaya. Macen da nake gani tana zaga gona da gona a gabana, tana yi wa maza faɗa idan sun sare ɗan gawo. Da ta gan mu ta yi ƙoƙarin tashi zaune, ɗiyarta ta riƙe ta.

Ba ta yi maganar ƙafar ba. Gero ta tambaya, ko an tsira da wani abu. Na ce kaɗan. Ta ce akwai gidajen da wannan geron ne kawai tsakaninsu da sabon hatsi. Sai ta ce, "Malam Saminu, ku lura da tsohon nan. Na ji abin da ake hwaɗi a gari."

Na ce insha Allahu. Ta daɗe tana kallona. Na ce zan je in duba moto, na fita na tsaya a baranda har Sahura ta fito.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan magariba

Na je Tungar Yaro duba gonakin gwaji. Gawo ya zubar da ganye kamar yadda yake yi kowace damina, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili tsawo da kauri. Da a bara ne da na tara mutane na nuna musu. Yau na rubuta a littafi na wuce.

Wani mutum da ya yi alkawari da Baba Inusa zai rufa wa ɗansa ɗaki bayan damina ya aika an nemo magini daga Tibiri. A gabana ya faɗa, yana dariya, ya ce ba zai kashe amarya ba. Wasu suka yi dariya. Ni ma bakina ya motsa.

Na bi ta bayan masallaci don kada in bi ta ƙofar gidan tsohon.

Talata, 27 ga Agusta, da safe

Ban iya karin kumallo ba.

Talata, da la'asar

Sahura tana neman makullin kicin ta buɗe jakar moto. Ta kawo guntun itacen ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Baban Afra'u, wannan mene ne?"

Na ce itace ne na aiki.

Ta ɗauke shi ta murza da yatsu biyu. Ya yi gari ya zube a tabarma. Ta ce azarar gidan mahaifinta a Kiéché tun kakanta take, in ka buga mata ƙusa ƙusar ce ke lanƙwashewa. Ta ce, "Wannan ba azara ba ce, totuwa ce. Daga ɗakin matan ne?"

Na ce ta bar ni, kaina yana ciwo. Ta share garin da tsintsiya, ta mayar da sauran guntun cikin jakar, ta ja zif a hankali. Ba ta sake tambaya ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini.

Juma'a, 30 ga Agusta, gab da azahar

Zan rubuta abin da na sani game da giginya, don na san shi, an ba ni takarda a kansa.

Giginya akwai namiji akwai mace. Macen ce ke 'ya'ya. Namijin itacensa ya fi tauri, baƙi ne, jijiyoyinsa a matse, gara ba ta iya shi. Shi ake tsagawa a yi azara. Ko a jikinsa ma ba ko'ina ba, daga gindi ne zuwa ƙasan kumburin nan da giginya take yi a sama, kuma gefen waje kawai, don cikinta laushi gare shi. Macen ana amfani da ita, amma ba a ɗora mata nauyi. Kafin giginya ta isa azara, wanda ya shuka ta ya tsufa ko ya mutu.

A nan wajenmu ta ƙare sai ɗaiɗai. Sai ka gangara kudu cikin kwarin dallol, wajen hanyar Gaya, kafin ka ga kurmin giginya. Can ma manya ne kawai a tsaye. Ƙananan babu, don ana tone ƙwallon tun yana muruci a dafa a sayar, wanda ya tsira shanu su cinye kansa. Na taɓa tsayawa cikin kurmin na duba gabas da yamma ban ga ƙarama ko ɗaya mai tasowa da ta kai tsawona ba. Abin ya tsaya mini a rai shekaru.

A watan Maris ni aka aika in samo azarar ɗakin matan.

An ce mini akwai maza biyu da suka tsufa, an yarda a sare su. Na je na tsaya a gindinsu na ɗaga kai. Na ce ni da nake yawo ƙauye-ƙauye ina hana sara, ba da hannuna za a kayar da waɗannan ba. Akwai waɗanda iska ta kayar suna kwance. Na ce a tsaga mini waɗannan.

Na ji daɗin kaina ranar. Har hoto na ɗauka.

An kira salla.

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan magariba

Na ce wa Sahura zan je Tibiri, na wuce kudu har kurmin. Hanya duk ruwa, sau biyu ina tura moto. Ina so in ga ragowar gungumen da idona, ko zan tarar da shi da ƙarfi in samu abin da zan riƙe.

Malam Mukhtar, wanda mutanen wurin suka ɗora wa tsaron kurmin, ya gane ni. Ya raka ni. Mazan nan biyu suna tsaye, iska tana kaɗa kansu. Ragowar gungumen yana nan cikin ciyawa. Na taka shi, ƙafata ta shige.

Labari ya riga ni zuwa. Ya ce, "Allah shi ba ta lahiya. Amma ai na hwaɗa maka, Mushe. Mata ne su ukun, kuma damina biyu sunka yi kwance. Na ce maka sai dai shinge ko rumhwa."

Na ce ban tuna ba.

Ya ce, "To," ya dubi ƙasa.

Na tuna. Har inda yake tsaye na tuna.

A hanyar fita ya nuna mini wani fili da suka kewaye da ƙaya, sun binne ƙwallo a ciki shekara uku da suka wuce. Ganye ya fito, ɗaya-ɗaya kamar mafici a ƙasa. Ya ce in Allah ya so jikokinsa za su rufa ɗaki da su. Na yaba masa. Muryata ta fito irin ta aiki, irin wadda nake yi wa manoma magana da ita. Na ji ƙyamarta.

Talata, 3 ga Satumba, da safe

Kwana goma sha takwas ina kewaye wannan. Bari in rubuta.

Ranar da mota ta sauke azarar a Tungar Yaro, Baba Inusa ya zo ya duƙa. Ya ɗauki ƙotar gatari ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya kara kunne. Ya ƙwanƙwasa ta biyu. Ya ɗaga bakin ta uku da hannu ɗaya, ya ajiye.

Ya ce, "Ɗana, wagga mace ce, kuma ta sha ƙasa. Ba ta ɗaukar soro."

Direba yana wurin, da ma'aikacinmu ɗaya sabo da nake koya wa aiki. Inna Hasiya ta kawo mana ruwa tana tsaye da kwano.

Na ce, "Baba, shekara uku na yi ina karatun itace a Yamai. Ku aikinku laka, ku bar mini itace."

Sai na juya na ce wa direba wata magana da Faransanci, muka yi dariya. Tsohon bai ji Faransanci ba, amma ya ji dariya. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce, "To, Mushe." Tun daga ranar bai sake ce mini ɗana ba.

Washegari ya ɗora ta.

Laraba, 4 ga Satumba, da azahar

Maigari ya aiko. Ranar Asabar za a zauna a ƙofar gidansa. 'Ya'yan Inna Hasiya maza sun dawo daga Kamba inda suke sana'a, sun ce sai an san wanda ya karya uwarsu. Suna so a karɓe sarautar magina daga hannun Baba Inusa a gaban jama'a, kuma kada ya sake taɓa ginin kowa a garin. Maigari ya ce in zo da rapor in fassara musu da Hausa, tunda takardar masana ce.

Madam ta ce in je, ba wani abu ba ne, in karanta in dawo.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Na je gidansa. Yana zaure yana tufka igiya. Zauren nan shi ya rufa shi tun kafin a haife ni. Na ɗaga kai na ga azara baƙa wuluk, a jere kamar an auna da ma'auni, na mayar da idona ƙasa.

Muka gaisa. Shi ya ce, "Jibi ne ko?"

Na ce, "Baba, me ya sa ba ku faɗa musu ba?"

Ya ce, "In hwaɗa musu mi?"

Na ce abin da ya faru ranar da aka kawo itacen.

Ya ci gaba da tufka har ya kai ƙarshen zaren. Sannan ya ce, "Kai yaro ne, ka yi kuskure, ba ka sani ba. Ni na sani. Kunnena ya ji, hannuna ya ji. Da na aje gatarina na tahi gida, da ba a ɗora ta ba, don babu mai ɗorawa in ba ni ba. Amma anka yi mini dariya, zuciya ta ɗebe ni, na ce bari in ɗora shi gani. Na ƙara tokara ɗaya a tsakiyar ɗakin ta tallahi ruhin, matan sunka cire ta don tana tare musu wuri, na gani na yi shiru. Hasiya ɗiyar abokina ce, a gabana anka haihe ta. Da wane baki zan tashi in nuna wani?"

Na ce za su karɓe sarautar.

Ya ce, "Su karɓa. Wanda ya ɗora abin da ya san zai hwaɗi bai cancance ta ba."

Ya ba ni goro. Na karɓa. Na fito da sauƙi a ƙirjina, don na gane ba zai yi magana ba. Har na hau moto ina jin sauƙin. Sai a hanya na gane abin da nake ji, na tsayar da moto a gefen wata gona.

Juma'a, 6 ga Satumba, da hantsi

Jiya Baba Inusa ya ce wai ni ban sani ba.

Ranar nan ta Maris, bayan ya tafi, bayan direba ya shiga mota, na koma wurin azarar ni kaɗai. Na danna farcen babban yatsana a jikin ɗaya. Ya shige. Namijin giginya farce ba ya yi masa ko alama. Na danna wata, ya shige. Na tsaya. Na yi tunanin komawa buro in ce na yi kuskure, a sake neman mota, a sare mazan da na yi alfaharin bari. Na yi tunanin zuwa zauren tsohon in ce Baba kun yi gaskiya, bayan dariyar da na yi. Na goge yatsan a wando na shiga mota.

Juma'a, bayan la'asar

Na ba Sahura littafin nan ta karanta daga farko. Tana zaune a bakin gado, ni ina tsaye a ƙofa. Da ta kai shafin safiyar yau ta daɗe a kansa.

Ta ce, "Gobe me za ka karanta musu?"

Na ce in na faɗa aikin zai tafi. Na ce wataƙila a rufe duk shirin itatuwan ƙauyen, shekara huɗu na wahala. Na ce ga Afra'u za ta shiga lakwal, makarantar boko, bana.

Ta ce, "Duk na sani. Ni dai abin da zan iya gaya maka, kwana ashirin ke nan ina zaune da wani mutum a gidan nan wanda ba ya iya haɗa ido da 'yarsa. In za ka iya ci gaba a haka, ni ban sani ba ko zan iya."

Ta miƙo mini littafin ta tafi ɗora tukunya.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan magariba

An zauna da hantsi a gindin darbejiyar ƙofar maigari. Maza a tabarmi, mata a tsaye daga baya. Baba Inusa ya zo da farar riga, ya zauna shi kaɗai a gaba. Babban ɗan Inna Hasiya, Nafi'u, ya yi magana. Ya ce likita ya ce uwarsu ko ta tashi ba za ta sake tafiya daidai ba. Maigari ya tambayi tsohon ko yana da ta cewa. Ya ce, "Hannuna ya ɗora. Ba ni da wata magana."

Sai aka ce Mushe Saminu ya karanta takarda.

Na tashi. Na karanta layin farko, na ruwan sama. Na fara na biyu, na kaurin laka, na ga kawuna suna gyaɗawa. Na tsaya. Na buɗe jaka na fito da guntun itacen na miƙa wa maigari, na ce ya danna da farce.

Ban yi magana mai kyau ba. Na riƙa komawa baya, ina maimaitawa. Amma na faɗi duka. Cewa ni na zaɓo itacen. Cewa mai tsaron kurmi ya gargaɗe ni. Cewa Baba ya ƙwanƙwasa ya ce ba za ta ɗauka ba, na ci masa fuska a gaban mutane. Cewa na gwada da farcena na gani na yi shiru. Cewa takardar da ke hannuna na rubuta ta ne yadda laifin zai zauna a kansa ba tare da na ambaci sunansa ba.

Guntun yana ta yawo hannu zuwa hannu, yana raguwa.

Nafi'u ya miƙe ya nufo ni, aka riƙe shi. Ya ce, "Har ka je asibiti ka gaishe ta! Har ka kai mata farfesu!" Wannan kawai yake ta maimaitawa. Da ya mare ni da na gode masa.

Baba Inusa ya ɗaga hannu ya faɗi nasa, na tokarar da fushin, bai rage komai ba. Maigari ya yi shawara da dattawa. Ya ce sarautar tana nan a hannun tsohon, amma shi zai sake rufa ɗakin, da itacen da ya zaɓa da kansa. Ni kuma ya ce maganata tana tsakanina da masu aikina da Inna Hasiya, shi ba zai yanke ba.

Da aka watse babu wanda ya ba ni hannu. Tsohon ya zo wucewa ya tsaya dab da ni, bai dube ni ba. Ya ce, "Ka daɗe." Ya wuce.

Litinin, 9 ga Satumba, da azahar

Na kai wa Madam sabon rapor. Ta karanta a tsaye. Ta ce, "Saminu, da sa hannuna na tura na farkon." Ban taɓa tunanin wannan ba sai da ta faɗa.

An dakatar da ni har sai Yamai sun yanke. Na ajiye makullin moto a teburinta na dawo gida a ƙasa. Shirin itatuwan za a ci gaba, an ba sabon ma'aikacin nan, wanda ya yi dariya tare da ni.

Alhamis, 12 ga Satumba, da yamma

Afra'u ta tambaye ni me ya sa ba na zuwa aiki. Na ce na yi laifi ne. Ta ce an doke ni? Na ce a'a.

Laraba, 18 ga Satumba, da safe

An sallami Inna Hasiya jiya. Na sa riga sau biyu na cire.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan magariba

Na shiga motar kasuwa zuwa Tibiri, na ƙarasa a ƙafa. Tana tsakar gida a kan katifa, sanduna biyu a gefenta. Nafi'u ya ga shigowata ya tashi ya fita. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Na ce, "Inna, na zo ne..."

Ta ce, "Na san abin da ya kawo ka. Ina nan tsaye da kwanon ruwa ranar, ka manta? Na ji abin da tsohon ya ce, na ji abin da ka ce. Ni ma na ce a raina ai ɗan boko ya hi mu sani. Kuma ni na sa anka cire tokarar."

Na ce wannan ba laifinta ba ne.

Ta ce, "Ban ce laihina ne ba. Ina gaya maka ne na sani tun ina asibiti. Na ce maka ku lura da tsohon, na ga ka gudu baranda. Kullum ɗiyata ta zo sai in tambaye ta, ya yi magana? Ta ce a'a. Mako uku."

Na ce ta yafe mini.

Ta gyara ƙafar da hannu biyu, ta cije leɓe har zafin ya wuce. Ta ce, "Kada ka roƙe ni yau. In na ce na yahe yanzu ƙarya zan yi maka, ƙahwar tana ciwo. Ka bari sai na ga yadda zan taka." Sannan ta ce, "An ce sun zaunar da kai. Wakena ya nuna a gona, 'ya'yan nan jibi za su koma Kamba, ni kuwa ba ni iya duƙawa."

Na ce zan zo.

Ta ce, "Da sassahe. In rana ta yi kwanson hwashewa yake."

Litinin, 23 ga Satumba, da la'asar

Na isa gonar kafin rana ta fito. Mata shida na ƙungiyarsu suna can da kwanduna. Na yi sallama, biyu suka amsa. Wata ta turo mini kwando da ƙafa ta nuna mini kunyar wake ta can ƙarshen gonar, nesa da su.

Ban taɓa roron wake ba. Kafin hantsi bayana ya ƙage, yatsuna sun yi ja. Ina jin suna hira, in na matso su yi shiru. Da rana ta take suka zauna gindin kalgo suka buɗe fura. Na ci gaba da roro, na ba su baya.

Can wata tsohuwa a cikinsu ta taso ta leƙa kwandona. Ta tsince ɗanyun da na haɗa da busassu ta zubar gefe, ta nuna mini yadda ake gane wanda ya nuna. Ta ce gobe in zo da hula.

Saura kunya goma sha ɗaya.